Darasi: Fashin Baƙin Zanen Goya Mai Suna "3 ga Watan Mayu, 1808"

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran mai koyo zai iya:
1. bambanta siffanta zane da yi masa fashin baƙi;
2. ba da labarin abin da ya faru a birnin Madrid ranakun 2 da 3 ga watan Mayu, 1808;
3. nuna yadda mai zane ya yi amfani da haske da launi da tsayuwar mutane wajen isar da saƙonsa;
4. amfani da wannan hanya wajen duba hotunan da yake gani a waya, da kuma tarihin yaƙin Burmi na ƙasar Gombe.

Zane ma karanta shi ake yi

Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci yakan ɗauka cewa karatu ya tsaya ga baƙaƙe da wasula, alhali kuwa allon talla da fastar ɗan takara da zanen da ke bayan babbar mota duk saƙonni ne da wani ya tsara domin a fahimta. Mai zane yana da fili ƙayyadadde, saboda haka dole ya zaɓi abin da zai sa da abin da zai bari, ya zaɓi wanda zai girmama da wanda zai ƙanƙantar, ya kuma zaɓi inda haske zai faɗa. Waɗannan zaɓe-zaɓe su ne maganarsa, kuma mai kallon da bai lura da su ba yakan karɓi ra'ayin mai zane ba tare da ya san an ba shi wani ra'ayi ba. Ana karanta zane a matakai uku, kuma ba a tsallake na farko don gaggawar kaiwa na uku.

Akwatin kalmomi na 1
Siffantawa: faɗin abin da ido ya gani a cikin zane kawai, ba tare da ƙarin ra'ayi ba.
Tsarin zane: yadda mai zane ya jera mutane da abubuwa da haske da launi a cikin filinsa.
Fashin baƙi: bayanin ma'anar zane, wanda ake ginawa a kan abin da aka siffanta da kuma tarihin lokacin da aka yi shi.

Misali na 1. A ɗauka cewa wani mai koyo daga Manawashi ya je kasuwar Tudun Hatsi ya ga babbar mota an zana mata zaki da mafarauci a baya. Idan ya ce akwai zaki a dama, bakinsa a buɗe, da mutum a hagu riƙe da mashi, ya siffanta. Idan ya lura cewa an yi zakin ya ninka mutumin girma, kuma an sa mutumin a tsaye bai ja da baya ba, ya duba tsari. Idan ya ce mai motar yana nufin cewa neman abinci a kan hanya haɗari ne da sai mai ƙarfin zuciya, ya yi fashin baƙi, kuma maganarsa tana da hujja domin kowa na iya komawa ga zanen ya ga abin da ya dogara da shi.

Abin da ya faru a Madrid

A ƙarshen shekarar 1807 sojojin Napoleon, sarkin Faransa, suka shiga Sifaniya da yardar gwamnatinta, bisa hujjar cewa wucewa za su yi su yaƙi Fotugal. Da suka shiga sai suka riƙa kama garuruwa masu ganuwa, har kwamandansu Joachim Murat ya shiga Madrid a watan Maris na 1808. A lokacin gidan sarautar Sifaniya a rabe yake, domin Sarki Carlos na IV ya sauka ya bar wa ɗansa Fernando na VII gadon mulki bayan wata tarzoma, sai Napoleon ya kira uba da ɗa zuwa garin Bayonne na Faransa, daga baya ya tilasta musu sakin sarautar, ya naɗa ɗan'uwansa Joseph Bonaparte.

Da safiyar 2 ga Mayu labari ya bazu cewa Faransawa za su ɗauke ƙaramin ɗan sarki, Francisco de Paula, daga fada. Jama'a suka taru a ƙofar fadar, sojoji suka buɗe wuta, nan take gari ya yamutse, talakawa suka fito da wuƙaƙe da sanduna da abin da hannu ya samu. Kafin yamma an murƙushe boren, Murat kuma ya ba da umarnin a harbe duk wanda aka kama da makami. A daren nan, kafin gari ya waye ranar 3 ga Mayu, aka riƙa fitar da kamammu rukuni-rukuni ana harbewa a wurare daban-daban na birnin, ciki har da tudun Príncipe Pío, inda aka kashe mutum fiye da 40. Kisan bai kwantar da ƙasar ba. Ya zama mafarin yaƙin da ya ɗauki shekara shida, daga 1808 zuwa 1814, wanda manoma da makiyaya suka yi ta hanyar sari-ka-noƙe, tare da rundunonin Sifaniya da Ingila da Fotugal.

Akwatin kalmomi na 2
Mamaya: shigar sojojin wata ƙasa cikin wata su riƙe ta da ƙarfi.
Turjiya: ƙin miƙa wuya ga mai mamaya, da makami ko ba da makami ba.
Sari-ka-noƙe: salon yaƙin ƙananan ƙungiyoyi da ke kai hari ba zato su ɓace.

Mai zanen, Francisco de Goya, an haife shi a ƙauyen Fuendetodos a 1746, ya kurumce bayan wata rashin lafiya da ta kama shi wajen 1793, ya kuma zama babban mai zanen fadar sarki a 1799. A 1814, yana da shekara 68, ya yi zane biyu manya game da waɗancan ranaku. Na farko ya nuna faɗan 2 ga Mayu, inda mutanen gari ke artabu da mahaya dawaki, ciki har da Mamluka, wato mayaƙan da rundunar Napoleon ta samo daga Masar. Na biyu, wanda shi ne batun wannan darasi, ya nuna kisan daren 3 ga Mayu. An yi shi da fentin mai a kan ƙyalle mai kauri, tsayinsa mita 2.68, faɗinsa mita 3.47, kuma yana rataye a gidan adana zane-zane na Prado a Madrid.

Mataki na farko: abin da ido ya gani

Dare ne, kuma baƙin sama ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na zanen. A can nesa ana hango gine-gine da hasumiya cikin duhu. A hannun dama akwai sahun sojoji sanye da dogayen riguna da dogayen huluna, da kaya a bayansu da takubba a ƙugu, sun sunkuya sun saita bindigogi masu banati a baki. Sun juya baya ko gefe, ta yadda ba a ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu sosai. A ƙasa, a gabansu, an ajiye wata babbar fitila mai kusurwa huɗu.

A hannun hagu, a gindin wani tudu, akwai waɗanda ake kashewa. A tsakiyarsu wani mutum ne a durƙushe, da farar riga da wando ruwan ɗorawa, ya ɗaga hannuwansa biyu sama ya ware su, idanunsa a buɗe. A gefensa akwai wani malamin coci mai askin tsakiyar kai, ya haɗa hannuwa ya sunkuyar da kai, da wani da ya dunƙule hannu, da wani da ya rufe fuska. A gabansu gawarwaki ne cikin jini, ɗaya ta kife da hannuwa a miƙe. A tsakiyar zanen kuma, bayan bakin bindigogi, wasu mutane ne ke hawowa a jere, wasunsu sun rufe idanu da tafin hannu. Iyakar siffantawa ke nan, kuma ya kamata malami ya sa masu koyo su yi ta da bakinsu kafin a ci gaba.

Mataki na biyu: tsarin zanen

Abu na farko da ya kamata a tambaya shi ne inda ido ya fara sauka. Kusan kowane mai kallo yakan ce a kan farar rigar, kuma da gangan aka shirya haka. Goya ya yi sauran zanen da baƙi da toka-toka da ƙasa-ƙasa, ya keɓe fari mafi haske ga rigar mutum guda, har ta fi fitilar da ke haska ta ƙyalli. Bindigogin ma, da yake duk a miƙe suke zuwa wuri ɗaya, suna jan ido daga dama su kai shi ƙirjin mutumin. Gangaren tudun da ke bayansa ya toshe hanyar gudu, ya kuma mayar da ido gare shi.

Akwatin kalmomi na 3
Cibiyar kallo: wurin da mai zane ya shirya ido ya fara sauka.
Karon haske da duhu: ajiye wuri mai haske ƙwarai kusa da mai duhu domin a fito da abu.
Alama: abin da aka zana wanda ke nuni ga wata ma'ana da ta wuce shi kansa.

Abu na biyu shi ne girman mutumin. A durƙushe yake, amma kansa ya kusa kai tsayin sojojin da ke tsaye, wanda ke nufin da zai miƙe da ya kere kowa a wurin. Goya ƙwararre ne da ya shafe shekaru yana zana sarakuna, ya san ma'aunin jikin mutum sarai, don haka da gangan ya ƙara masa girma. Mutumin kuwa talaka ne, kamar yadda tufafinsa da duhun fatarsa na mai aiki a rana suka nuna, kuma zanen bai ba shi suna ba. A zamanin, babban ƙyalle irin wannan na sarakuna da janar-janar ne. Shekaru kaɗan kafin haka, mai zanen Faransa Jacques-Louis David ya zana Napoleon yana ƙetare duwatsun Alps a kan ingarman doki mai tsalle, alhali a kan alfadari ya ƙetare su. Goya ya ɗauki wannan matsayi na tsakiyar zane ya ba lebura marar suna a daƙiƙarsa ta ƙarshe, kuma wannan shi ne babban sabon abin da ya kawo.

Abu na uku, wanda ya fi cancantar a daɗe a kansa, shi ne rabon fuskoki. Waɗanda ake kashewa kowa da fuskarsa da halinsa: wani na addu'a, wani na fushi, wani ya kasa kallo, na tsakiya kuma yana duban masu harbinsa da idanun da ke ɗauke da tsoro da tuhuma a lokaci guda. Sojojin kuwa tsayuwarsu ɗaya, tufafinsu ɗaya, takun ƙafarsu ɗaya, kawunansu a sunkuye kan bindiga. Mai kallo ba zai iya cewa wannan soja mugu ne, wancan mai tausayi ne ba, domin an hana shi ganin abin da zai yi hukunci da shi. Wasu masu sharhi suna fassara wannan da cewa Goya ya mayar da su injin kisa. Akwai kuma wata fahimta da ba ta saɓa wa wannan ba, wato cewa umarni ya shafe mutuntakar wanda aka ba shi, ta yadda soja ya iya harbin mutumin da ke tazarar taku biyu daga gare shi saboda bai ɗaga kai ya dube shi ba. Tazarar ma abin lura ce, domin bakin banati ya kusa taɓa kamammun, kuma kusancin yana sa mai kallo ya ji cewa babu wata kafa da ta rage.

Abu na huɗu shi ne lokaci. Zane ba ya motsi, amma Goya ya sa lokuta uku a fili ɗaya: gawarwakin gaba su ne abin da ya riga ya faru, mai farar riga shi ne abin da ke faruwa yanzu, masu hawowa a jere su ne abin da zai faru. Hannuwan gawar da ta kife sun yi kama da hannuwan mai farar riga, wanda ke nuna yadda shi ma zai kwanta nan da ɗan lokaci.

Mataki na uku: fashin baƙi

A tafin hannun dama na mai farar riga akwai wani ɗan tabo kamar na huda. Mutanen Sifaniya na lokacin Kiristoci ne 'yan Katolika, kuma a aƙidarsu an gicciye Almasihu da hannuwa a ware, an huda tafukansa da ƙusoshi, saboda haka duk wanda ya ga wannan tsayuwa da wannan tabo a cikinsu zai gane nan take cewa ana gaya masa marar laifi ne ake kashewa. Mai koyon da ba Kirista ba ba ya buƙatar ya karɓi aƙidar kafin ya karanta alamar, abin da ake buƙata shi ne ya san abin da take nufi ga waɗanda aka yi zanen dominsu. Sai dai Goya bai sa mala'ika ko wani haske daga sama ba, kamar yadda aka saba a zane-zanen shahidai na coci. Hasken da ke wurin na fitilar masu kisa ne, wadda aka kawo domin a ga wanda za a harba.

Wajibi ne kuma a tuna cewa zanen ba hoton kyamara ba ne. An yi shi bayan shekara shida da aukuwar abin, kuma Goya da kansa ne ya rubuta wa gwamnatin riƙon ƙwarya a watan Fabrairu na 1814 yana neman a tallafa masa ya dawwamar da jaruntakar masu boren, aka kuma ba shi kuɗin aikin. Yana da dalilin nuna kishin ƙasa, domin ya ci gaba da zama a Madrid a ƙarƙashin mulkin Joseph Bonaparte, har ya karɓi lambar girma daga gare shi, ga shi kuma Sarki Fernando na dawowa. Sanin wannan ba ya rushe darajar zanen, amma yana hana mai koyo ɗaukarsa a matsayin shaidar gani da ido. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne cewa jaruntaka aka biya shi ya zana, shi kuwa ya zana mutane masu tsoro, masu rawar jiki, waɗanda mutuwarsu ba ta da ado. A nan gaskiyarsa take, kuma ita ce ta sa zanen ya wuce farfagandar gwamnati guda. A jerin zanensa 82 da ake kira Masifun Yaƙi, waɗanda ba a buga ba sai 1863, shekara 35 bayan rasuwarsa a Bordeaux a 1828, ya nuna ta'asar Faransawa da ta 'yan ƙasarsa duka. Masu zanen da suka zo bayansa sun bi tsarin zanen 3 ga Mayu, kamar Édouard Manet a zanen harbe Sarki Maximilian na Meziko, da Pablo Picasso a zanen kisan kiyashi na Koriya a 1951.

Burmi: turjiyar da ke kusa da gida

Mutanen Gombe ba baƙi ba ne ga labarin mamaya da turjiya. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na I ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, dubban mutane suka bi shi. A Burmi, wadda ake kuma rubutawa Mbormi, a Ƙaramar Hukumar Funakaye ta yau kusa da Bajoga, an kori harin farko na Turawa a watan Mayu, sannan ranar 27 ga Yuli, 1903 aka yi yaƙin ƙarshe, inda aka kashe Sarkin Musulmi da mutanensa fiye da 600. Manjo Marsh, wanda ya jagoranci harin, shi ma a nan ya mutu, kuma kabarinsa da na Attahiru suna wurin har yau. Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu.

Yanayin biyu ba ɗaya ba ne, domin a Burmi yaƙi aka gwabza a fili, a Madrid kuwa kamammu aka harbe, kuma bai kamata a gauraya su ba. Abin da ya haɗa su shi ne tambayar da zanen Goya ke koyarwa, wato daga wane gefe aka tsayar da mai kallo, kuma fuskar wa aka nuna masa. Rahotannin jami'an mulkin mallaka sun ambaci sunan hafsansu da ya mutu, amma yawancin waɗanda suka faɗi a ɗaya gefen adadi kawai suka zama. Al'ummar Hausa da Fulani sun fi ajiye irin wannan tarihi a waƙa da rubutun ajami da labarin baka, kuma ana karanta waɗannan ma da matakai ukun nan: me aka faɗa, yaya aka tsara shi, wa ya tsara shi kuma don me.

Misali na 2. A ɗauka cewa an turo wa wata mai koyo hoto a WhatsApp, na wasu mutane a kwance a ƙasa da masu bindiga a tsaye a kansu, an rubuta a ƙasa cewa 'yan ta'adda ne aka kama. A matakin farko za ta faɗi abin da ta gani: yawan mutanen, tufafinsu, ko hannuwansu a ɗaure suke, ko akwai makami kusa da su. A mataki na biyu za ta lura daga ina aka ɗauki hoton, wa aka nuna fuskarsa, me aka yanke daga gefe. A na uku za ta tambayi wanda ya ɗauka, da ranar, da wurin, da amfanin da mai turowa zai samu idan aka yarda. Rubutun da ke ƙasan hoto fashin baƙin wani ne, ba ya cikin abin da ido ya gani, saboda haka ba ta tura shi gaba sai ta sami tabbaci daga majiya mai tushe. Ya dace malami ya yi hattara da wannan misali, domin a ajujuwan Gombe akwai waɗanda rikicin Borno da Yobe ya raba da gidajensu, kuma wasunsu sun ga irin wannan da idonsu, don haka kada a tilasta wa kowa magana.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin siffantawa da fashin baƙi? A kawo misali daga allon talla ko fastar da ke unguwa.
2. Wace hujja sojojin Faransa suka bayar wajen shiga Sifaniya a 1807, kuma me ya tayar da boren 2 ga Mayu, 1808?
3. A ambaci hanyoyi uku da Goya ya bi wajen jan ido zuwa ga mai farar riga.
4. Me ya sa ba a ganin fuskokin sojojin? A kawo fahimta biyu, a faɗi wadda ta fi gamsarwa da dalilinta.
5. Yaya aka nuna abin da ya wuce da na yanzu da na gaba a cikin zane guda?
6. Goya ya yi zanen a 1814 da kuɗin gwamnati. Ta yaya sanin haka ke shafar yadda ake karanta shi?
7. A faɗi abu ɗaya da ya haɗa Burmi da Madrid, da abu ɗaya da ya raba su.
8. Aikin rukuni: idan za a zana yaƙin Burmi a bangon makaranta, wa za a sa a cibiyar kallo, ina haske zai faɗa, kuma daga wane gefe za a tsayar da mai kallo? Kowane rukuni ya kare zaɓinsa a gaban aji.